Kujerar Bakin Taga

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da matarka da jikokina. Yaya tarin ƙaramar, ya lafa?

Na iso gidan kawunka lafiya. Jirgin ƙasa ya tsaya a kan iyaka, aka buga mana hatimi, muka wuce. Kujerar da ka saya mini ta tsakiya ce, wai don in yi barci. Na roƙi wani bawan Allah ya ba ni tasa ta bakin taga, na kuma faɗa masa gaskiya, cewa likita ya ce idanuna suna tafiya, ba magani. Ya tashi ba musu. Na ga gonaki, na ga kogi, na ga wata mata tana shanya a bayan gidanta. Gefe-gefen ganina duk dishi-dishi ne, amma tsakiya tana nan.

Na san ka yi wa kawunka waya. Da na nemi fasfona ban gani ba, sai ya hau kame-kame, wai ya adana mini ne kada ya ɓace. Mutumin da na goya! Ban ɗaga murya ba, ka san ba halina ba ne. Na ɗauki jakata na zauna a bakin ƙofa da carbina, na ce nan zan yi azahar, nan zan yi la'asar. Kafin la'asar matarsa ta miƙo mini shi tana dariya, ta ce, "Yaya, kin fi ƙarfinsu."

Ba na yin abu a ɓoye. Gobe zan ci gaba.

Mahaifiyarka

Zuwa ga Autana,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ku duka, da fatan kowa lafiya. Ka yi haƙuri da girman rubutun, ƙananan haruffa sun daina zauna mini.

Na je tsohon birnin da malaminmu yake ba mu labari muna yara. Na hau hasumiyar da ke cikinsa, ina hutawa ina hawa, har matasa suna ba ni hanya. Akwai rubutu sassaƙe a jikin ƙofar. Hannuna ya so ya shafa, amma mai gadi ya ce an hana taɓawa, sai na mayar da shi cikin mayafi. Na matsa har hancina ya kusa taɓa dutsen, na karanta layin farko da idona. Ya ishe ni.

Daga nan na sake hawa jirgi zuwa wurin aminiyata, wadda muka yi karatun allo tare, aure ya kawo ta ƙasar nan. Na zo in ga fuskarta kafin duhu ya rufe. Auta, ashe ta riga ni. Ta daɗe da makancewa, ba ta taɓa faɗa mini ba. Ta shafa fuskata ta ce na tsufa, kuma har yanzu hancin nan bai gyaru ba.

Sai ta shiga kicin ta dafa mana shayi. Da kunne take gane kofi ya cika. Kowane kwano da wurinsa, tufafinta ta san su da taɓi, kasuwa tana zuwa da sandarta, 'yan unguwa suna zuwa tana karɓar haddarsu. Na yi kuka, ta ce in bari kada in ƙarar da ɗan abin da ya rage.

Na san ɗakin da ka gyara mini, da mai aikin da ka ɗauka don kada in taɓa komai. Ƙauna ce, Allah ya yi maka albarka. Amma ba zan zauna a gado ina jiran a miƙo mini ruwa ba. Ka sallami baiwar Allah da alheri.

Kada ka je tasha ranar da muka yi, ba na cikin jirgin. Na sake shiga makaranta. Yau na rufe ido na zuba shayi, rabi a kofi rabi a tire, malamata tana ta yi mini tsiya. Ranar da ya shiga kofi duka, zan sanar da kai ka saya mini tikiti. Na bakin taga.

Taka har kullum,
Mahaifiyarka