Sun Sa Muryar Mijina A Bakin Na'ura

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya ƙafar, kumburin ya sauka? Mu ma muna nan, sai dai abin da ya same mu ranar Asabar.

Kin san wata tara ke nan da rasuwar Baban Balbela, kuma tun lokacin ban sake kunna tashar talabijin ɗin da ya yi wa aikin ɗaukar sauti ba. To ranar da yamma ina guga a falo, Balbela tana canje-canjen tasha, sai ta faɗa kan shirin nan nasu na ban tsoro, mai labari daban kowane mako. Na buɗe baki zan ce ta wuce, sai na ji gyaran muryarsa. Sau biyu, Yaya, ƙarami sannan babba, yadda yake yi kafin ya yi magana. Sai da na ji ƙauri na san na ƙona rigar makarantarta.

Labarin wata mata ne da mijinta ya rasu, na'ura tana kwaikwayonsa a waya, suna hira kamar sababbin masoya. Muryar da ke fitowa daga wayar ta mijina ce, ba tantama. Har Gwamnatina ya kira matar. Ke shaida ce, duk duniya ni kaɗai yake kira haka, wai don ba a motsi a gidan sai da izinina. Da farko lallashinta yake yi. Daga baya ya hana ta fita, ya ce ta kulle 'yarsu a ɗaki don ita ke raba su, ya ce ta biyo shi inda yake. Mutumin da ko kyankyaso ba ya kashewa, sai dai ya kora shi waje da tsintsiya!

Na daskare, na kasa kashe talabijin ɗin. Balbela ta yi fitsari a tsaye, yarinya 'yar shekara bakwai. Tun ranar take tambayata ko Babanta ya tsane ta ne. Saƙonninsa na murya da muke saurare tare, yanzu in na kunna gudu take yi ta shige banɗaki.

Gobe zan je tashar. Ki sa mu a addu'a, ki gaida min kowa.

Ƙanwarki,
Maman Balbela

Yayata,

Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya. Na ga saƙonki, Allah ya bar zumunci. Ki ce wa maigidanki kada ya taso, na riga na je.

Daraktan shirin ya karɓe ni da mutunci, har da ruwan sanyi, kuma shi ya nuna min yadda aka yi. Ashe kullum kafin a fara aiki sai mai ɗaukar sauti ya gwada makirfo. Sauran ɗaya, biyu, uku suke ƙirgawa. Shi kuwa zancena yake yi: Gwamnatina ta hana ni sukari, Gwamnatina ta yi fushi na manta sabulu. Shekara goma sha ɗaya yana haka, kuma bai taɓa gogewa ba, duk yana cikin kwamfutarsu. Shi suka zuba wa abin da suke kira ƙirƙirarriyar basira ta koyi muryarsa, yanzu duk abin da aka rubuta mata sai ta faɗa. Daraktan har cewa ya yi karramawa ce, don suna kewarsa. Na tambaye shi ko haka zai so a karrama shi a gaban 'yarsa.

Sai ya sa min abin saurare a kunne, ya rubuta wani abu. Yaya, muryar ta gaishe ni, ta tambaye ni ko na ci abinci. Na yi kuka kamar ranar da aka fita da shi. Daraktan ya ce in na sa hannu su ci gaba da amfani da ita, za su saka min ita a wayata, mu riƙa hira duk sanda na so. Ba zan ɓoye miki ba, na karɓi biron. Har na rubuta harafin farko.

Idona ne ya sauka kan yatsun daraktan a kan kwamfutar. Ashe wannan ƙaton ne ya tambaye ni ko na ci abinci, da bakin mijina. Na ajiye biron, na ce su goge muryar a gabana, su ba ni gwajin makirfon kaɗai, wanda shi ya faɗa da ransa. Sun yi ta kai-komo da manyansu har la'asar, ni kuma na ƙi tashi. Sun goge, sun ba ni gwajin.

Jiya na kunna ɗaya ina tsintar shinkafa, ban kira Balbela ba. A ciki yana ba abokan aikinsa labarin yadda ta ɓoye masa takalmi a firji don kada ya fita, yana dariya har da tari, wani yana ce masa Malam a yi aiki mana. Ta zo ta tsaya a bakin ƙofa, rabin jikinta a waje. Can sai ta ce ƙarya Baba yake yi, ba a firji ta sa ba, a bokiti ne. Ta ce in maimaita, amma in riƙe ta tukuna.

Har yanzu ba ta shiga falo in talabijin na kunne, ban kuma san yaushe za ta shiga ba. Amma akwai gwajin nan fiye da dubu biyu. Mun yi da ita ɗaya kullum, kada su ƙare mana da wuri.

Ki shafa min kan yara, ki kula da ƙafar nan.

Taki har kullum,
Maman Balbela