Kebul Ja da Shuɗi

Yaya Gerswin,

Gaisuwa da fatan alheri. Ya aiki, ya ƙafar Mama? Tunda an hana ku wayar hannu kusa da kwanon sauraron sama inda kake aiki, ga takarda ta hannun direba.

Taurarin nan bakwai masu bugawa kamar zuciya, na cikin dunƙulen taurari da nake aunawa da kwanonku tun Maris, duk saƙon rediyonsu ya murɗe hagu. Kowa kafin ni murɗewar dama ya gani. Farfesa Mokoena ya ce sabon abu ne, ran Alhamis ta sama zan tsaya gaban manya in faɗa. Maimakon murna, shakka nake yi. Abin ya cika kyau.

Ƙanwarka Lorencia, Cape Town

Lorencia,

Muna lafiya, Mama na gaishe ki. Sau uku na karanta takardarki, sannan na hau kan kwanon na buɗe akwatin da ke karɓar saƙon. Kebul biyu ke fitowa daga ciki, ja da shuɗi, ɗaya na saƙon hagu, ɗaya na dama. Ran huɗu ga Maris ni na canza su, kuma bisa kuskure na sa ja a gurbin shuɗi. Taurarinki ba su juya ba, ni na juya su.

Ba wanda ya sani sai ke. Shekara tara ina nan, in an kore ni ba wani aiki a nan yankin Karoo sai kiwon tumaki. Tsoro nake ji.

Yayanki

Yaya,

Ina gaisuwa, amma da kana kusa da na shaƙe ka. Aikina na wata biyar! Na juya lissafin, bakwai ɗin duk sun koma dama kamar na kowa. Na kasa yin shiru, jiya na gaya wa Farfesa kuskure ne daga kwano. Ya cire tabarau, ya ce wa ya taɓa akwatin a Maris? Na ce zan tambayo. Kai ka koya min ƙirga taurari a kan rufin kwanon gidanmu, bakina ba zai iya kiran sunanka ba. Me zan ce masa?

Lorencia

Ƙanwata,

Sannu. Ki ce ni ne. Da safe na kai wa shugabanmu takardar amsa laifina, ya ce in dawo Litinin, bai ce in zauna ba.

Mama kam na kasa faɗa mata. Ta riga ta sa an yanka tunkiya saboda Alhamis ɗinki.

Gerswin