Taku Goma a Gabana

Malam, kafin gaisuwa ga kacici-kacici, kada kuma ka leƙa ƙarshen takarda, na san halinka. Mene ne ya fi garwashi ɗumi amma ba ya ƙuna, shekara arba'in da uku muna gida ɗaya da shi a Tudun Fulani, amma sai da na hau jirgin sama ya yarda ya gaishe ni a gaban mutane?

Ya ruwan randata a zafin Minna! Ya inuwar mangwaron da nake hutawa, ya sabuwar doyata da ba ta buƙatar mai! Angona mai furfura, wa na samu kamarka? Bakina ba zai iya wannan magana ba, shi ya sa na ɗauki biro. Ka yi haƙuri da rubutun, na ajin yaƙi da jahilci ne, karkatacce kamar tafiyarka a kan ƙanƙara.

Na gode wa Allah, na gode wa 'yarmu Halimatu da mijinta Jamil da suka kira mu ƙasar Turawa, suka kai mu dutsen nan cikin tsakiyar sanyi. Ka tuna shi? Fari fat, kamar malmalar sakwarar da aka kirɓa wa duniya duka! Mutane da hankalinsu suna ɗaura katako biyu a ƙafa, suna gangarowa kamar an koro su. Jamil ya ce mu gwada. Ni da gwiwata ke gardama da dakalin ƙofar gida? Na ce a ba ni shayi da kujera kusa da taga. Kwana huɗu ina kallon manyan mutane suna faɗuwa, ban taɓa jin daɗin hutu haka ba.

Amma ba shayin nake godiya a kai ba. Rana ta biyu Halimatu ta miƙo maka takalmin ƙanƙara, ka ce kai ba soja ba ne, ka zura sau-cikinka na Juma'a mai santsin ƙasa. Ka wuce gaba kamar kullum, taku goma, ni ina biye a baya kamar yadda muka saba tun ina amarya. Sai na ga babbar riga ta tashi, hula ta yi gabas, ƙafa ta yi yamma! Ka juyo da sauri ka cafke ni, wai kada in faɗi. Ni da nake tsaye ƙyam! Ban ƙaryata ka ba, ya farin watana. Da na san abin da santsi zai yi mini ke nan, ai da tuni na zuba miyar kuɓewa a ƙofar gidanmu.

Daga ranar ba ka sake ni ba. Kafaɗa da kafaɗa muka zaga garin nan, numfashinmu yana fita kamar hayaƙin murhu ɗaya. Ba wanda ya kalle mu, ba wanda ya yi gulma. Wayyo, ashe haka tafiya take da daɗi! Ina ka ɓoye mini wannan duk shekarun nan?

To, ga mu mun dawo, ka koma taku gomanka. Yanzu bari in faɗa maka abin da na ɓoye. Ranar da muka je suna a unguwar Fadikpe, ba wajen gaisawa na tsaya ba. Kwata na faɗa, ban gan ta ba, kai kuwa har ka sha kwana. Likita ya ce yanar ido ce ta rufe idona na hagu, Laraba mai zuwa za a cire ta. Ina jin tsoro, Malam. Maƙwabciyarmu Rukayat ta ce za ta ja ni zuwa bakin titi, Allah ya saka mata, amma ba ita na aura ba.

Na san abokan hirarka na ƙofar shagon Ndaman za su yi dariya. Su yi mana! Ka ce musu tsohuwa ce ba ta gani, ni kuma ba zan taɓa gaya musu wanda hularsa ta yi gabas ba. Roƙona ke nan, ya sanyin idona mai lafiya da marar lafiyar duka: daga ƙofar gida zuwa inda ake hawa keke, ka tafi a gefena.

Ko ka yarda ko ka ƙi, ni taka ce, a gaba ko a baya, har ranar da za a ɗauki ɗayanmu a kafaɗa. Ban taɓa duban wani ba lokacin da idona biyu ke aiki, balle yanzu.

Matarka mai tsokana,
Nana Khadija

Amsar ita ce tafin hannunka na dama.