Muryar da Ta Dushe a Ƙiblatain

Bani Harisa, Madina.

Yaya Hafizu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya, kai da Hassana da yara. Ya ƙafar Inna? Nan ma alhamdu lillahi.

Ka yi ƙorafin na daina kira, sai rubutu. Ka tuna mawaƙiyar nan ta ƙasar Wales mai dusasshiyar murya, wadda kake sa kaset ɗinta har Baba ya ce wa ya shaƙe baiwar Allah? Kai ka gaya mini aiki aka yi mata a maƙogwaro, muryar ta dushe, ta ƙi yin shiru. Shekara da shekaru tana cika fili da ita. Ina jinjina mata, don in ta buɗe baki sai ka rantse ta san abin da ke cin ranka.

Ni ma an yi mini irin aikin a watan Rajab. Kada ka tada hankalinka, na warke. Shekara goma sha ɗaya ina ɗaga murya ina yi wa alhazai bayani a Masallacin Ƙiblatain, cikin rugugin motoci. Da na koma aiki, mudir, wato shugabanmu, ya saurare ni minti ɗaya ya ce, "Halas, Safiyyatu, wannan muryar za ta tsorata baƙi." Yanzu ina ɗakin kaya ina liƙa wa jakunkuna suna. Ita tafi aka yi mata, ni gam aka miƙo mini.

Ka nemo mini kaset ɗin in yana nan. Kada Inna ta ji. Ka karanta mata gaisuwar kawai, ka ce ina nan ina ta surutuna kamar kullum.

Ƙanwarka,
Safiyyatu