Muryar da ba ta Yaya ba

Tasawa, daren Laraba

Har yanzu ban yi nadama ba.

Da la'asar aka kira wayar Inna. Muryar Yaya Sani ce sak, har da ɗan tarin nan nasa. Wai yana kwance asibiti a Agadas, a karanto mishi lambar sirrin da banki ya turo yanzu. Kuɗin waken Inna na bana duk suna asusun nan.

Inna ta fara karantawa, na fizge wayar na kashe. Ni da ko a aji ba na iya ɗaga hannu!

Kawu Idi ya taso mini: "Ke 'yar lakwal, boko ne ya koya miki katse yayanki?"

Na ce, "Kawu, Yaya ɗan fari ne. Yaushe ya taɓa kiran Inna kai tsaye? Ni yake kira in isar da saƙo."

Malaminmu ya gaya mana na'ura tana kwaikwayon muryar mutum. Ashe kunya ce ba a koya mata ba.

Layin Yaya bai shiga ba har yanzu. Kawu ya ce gobe in durƙusa in ba da haƙuri. Ba zan durƙusa ba. Masu sayar wa ɓarayi layi babu katin shaida, su ya kamata hukuma ta durƙusar.

Na kwafe lambar wayar da aka kira Inna da ita. Gobe kafin in tafi lakwal ɗaukar darasi zan kai wa jandarmomi. Ɗazu Inna ta leƙo, ta ce a hankali, "In kin tashi, tashe ni. Tare za mu."