Tsibirin Wuta ko na Tsiraici?

Goggo Gaji, don Allah ki taimake ni, kaina ya ɗau zafi.

Ni ma'aikaci ne a Dutse, ɗan asalin Buji. Ofishinmu ya sa ni cikin tawagar da za ta je wasu tsibirai na ƙasar Sifen, wai mu koyo noman rani. Oga ya ce ni zan zaɓi inda za mu sauka, tunda na yi jogirafi a sakandare. Tsibirai biyu aka ba mu zaɓi. Na farkon akwai otal-otal da yashi mai laushi, amma hotunan da na gani, wa'iyazubillahi! Turawa ne kwance a bakin teku kamar an shanya kuɓewa, ba mai suturar kirki. Ga shi an ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kuma ranar ba wanda ya kai ni kabbara. Na biyun kuwa dutse ne mai aman wuta. An ce barci yake, to wa ya san ranar tashinsa? Abokan tafiyata duk na farkon suke so, wai ƙasarsa ta fi kama da ta Jigawa.

Wani abu kuma, Goggo. A ƙauyenmu duk wanda zai hau jirgi, Makka za shi. Da labari ya isa gida, mahaifina, malamin allo ne, ya tara jama'a aka yi mini addu'ar tafiya Umara. Yana ta hawayen murna, na kasa buɗe baki. Tsaraba ɗaya ya roƙa, zamzam, saboda idonsa da ke ciwo. Wane tsibirin zan zaɓa?

Mai Ruɗani, Dutse

Ɗana, na farkon haɗari ne ga ido, na biyun ga jiki duka, amma zaɓi na biyun. Dutsen da ya daɗe yana barci ba zai farka don tarbar tawagarku ba. Abokan naka za su kumbura, ƙyale su. In yashi suke so, ga shi nan har ƙofar ofis.

Sai dai ba tsibiri ne damuwarka ba. Na gane nauyin da ya ɗaure maka baki, ba laifinka ne da suka yi zaton Makka ba. Shirun ne naka. Kafin ka hau jirgi, hau mota ka je gida, ka durƙusa gaban Malam, kai da shi kaɗai, ka faɗa masa gaskiya. Zai ji ciwo, zai kuma yafe. In ka ƙi, ranar dawowa sai ka cika jarka a famfon Kano, tsoho ya yi bisimilla ya shafa a idonsa yana sa maka albarka. Za ka iya tsayawa kana kallo?

Allah ya kiyaye hanya, amma ta Buji tukuna.