Na Ɓace a Shida

Ya Katangata, sanyin idona, inuwar da nake nufa idan rana ta take, ruwan farko a kan ƙasar da ta gaji da jira!

Ina gaishe ki gaisuwar mai laifi, murya ƙasa-ƙasa, kai a sunkuye. Ke zuma ce, ban taɓa musu ba, sai dai yau kwana goma sha biyu ke nan harbin kawai nake sha. Na kira, ba ki ɗauka ba. Na tura saƙo, ya nuna kin karanta, amma shiru kamar an shuka dusa. Shi ya sa na ture wayoyin mutane gefe a kan teburin shago, na kashe abin narka dalma, na ɗauki biro. Hannun nan da ya saba kwance ƙusar waya mai girman ƙwayar gero, yau ga shi a kan takarda.

Kin tuna yadda muka fara? A cikin wasan nan na intanet ne, wanda muka zaɓi ɓangarensa mai rai ɗaya, inda duk wanda ya mutu ya mutu ke nan, sai dai mutum ya sake ƙirƙirar wani ya faro daga matakin farko. Ni na ɗauki ɗan laɓe, siriri mai gajerun wuƙaƙe biyu, wanda layin jininsa, wato ma'aunin ransa a wasan, bai kai tsawon farce ba. Ke kuwa kika ɗauki wani ƙato mai gemu da garkuwa kamar ƙyauren gida. Wata biyu cur ina rubuta miki "Sannu Babban Yaya," kina amsawa da "Yauwa ƙanena," ko kunya ba ki ji ba! Sai ranar da muka kunna murya, na ji wata siririyar murya mai daɗi ta ce a kunnena, "Kai Sauro, koma bayana kafin a tafa ka." Wallahi saura kaɗan waya ta suɓuce mini. Ashe ƙaton nan mai gemu malamar aji uku ce, mai alli a hannun riga. Tun daga ranar na zama Sauro, kika zama Katanga, kuma tun daga ranar yammacin Lahadi ya fi mini kowane lokaci daraja.

Wata takwas muka yi muna hawa tare. Kin san yadda irina ke rayuwa a wasan nan, amma bari in faɗa kamar ba ki sani ba, domin a cikin faɗar nake gano inda na karkace. Ɗan laɓe ba ya shiga ɗaki sai ya ga ƙofar fita tukuna. Ba ya bin tsakiyar hanya, gefen bango yake bi. Yana iya tsugunawa bayan tulu minti biyar yana jiran mai gadi ya juya baya, ya sare shi sau biyu, ya koma inda ya fito. Idan maƙiya biyu ne, ya bar su. Idan akwatin dukiya na ƙyalli a fili babu mai tsaro, ya san tarko ne, ya haɗiye miyau ya wuce. Duk makin da aka ba ni idan na hau mataki, a sauri da ɓuya na zuba shi, ko ɗaya ban sa a jini ba. Kina ce mini, "Ka ƙara jini mana, kai kamar ƙwai." Ni kuma ina cika baki cewa wanda ba a gani ba a dukansa. Da haka na kai mataki na hamsin da tara, saura ɗaya in kai ƙarshe, ban mutu ko sau ɗaya ba. Har alfahari nake yi da hakan a gaban mai askin da ke maƙwabtaka da shagona, shi da bai san ko me ake cewa ba.

Sannan ga babban makamina, maɓallin nan da muke kira layar zana. Idan na danna shi sai in ɓace ɓat, kowane dodo ya manta da ni. Abin da na sani sarai, amma ban taɓa zama na yi tunani a kansa ba, shi ne fushin dodon ba ya ɓacewa tare da ni. Juyawa yake yi ya sauka a kan wanda ya fi kusa. An ce tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma ni wata takwas ina jan ruwa, ke yake duka. Ba ki taɓa ƙorafi ba, don garkuwarki na ɗauka.

Sai ga Lahadin nan, bayan la'asar, a kan gadar Bajimi, babban dodon nan mai ƙaho. Ina zaune a ɗakina, fanka na juyawa, ke kina falonku, ina jiyo ƙarar cokula daga wajenki. Mun kusa kayar da shi, sai ya yi miki wani karo da ya bar jininki saura ƙiris. Kika ce, "Sauro, riƙe mini shi, ƙirga goma kawai. Zan sauke garkuwa in sha magani." Na ce miki, "Ki sha hankalinki kwance." Da bakina na faɗa. Na sare shi a baya, ya juyo kaina, na shiga kewaya shi ina ƙirgawa. A huɗu ƙahonsa ya shafe ni. A biyar fuskar wayar ta yi ja. A shida na ga wata takwas na laɓe-laɓe da haƙuri suna shirin tafiya a banza, kafin zuciyata ta yi shawara babban yatsana ya riga ya danna.

Na ɓace. Ina tsaye ba a ganina, ina kallo ya juya kanki, kwalba a bakinki, garkuwa a ƙasa.

Wayyo ni! Da a ce ihu kika yi, da zagina kika yi, da na samu abin riƙewa. Amma ba ki yi ko ɗaya ba. Can sai kika ce, da muryar nan da kike yi wa yara idan sun fasa abu, "Shida ka ƙirga. Yaran ajina ma suna kai goma." Ni kuma, Allah ya shirye ni, sai na buɗe baki na ce ai wasa ne, za mu sake gina wani. Nan kika faɗi maganar da ta hana ni sakat har yau. Kika ce, "Ba ƙaton nan nake wa baƙin ciki ba. Ni tambayata ɗaya ce. Ranar da abu ya yi zafi a gida, nawa za ka ƙirga?" Kika kashe.

Kwana uku na farko fushi na yi, ba zan ɓoye miki ba. Na ce wace irin mace ce za ta auna mutum da wasan waya? Na kai wa mai aski ƙara, ina jiran ya goyi bayana. Yana ta kaɗa almakashi a kan wani, bai ko dube ni ba, ya ce, "Ni ban san wasanku ba. Amma ka ce mata ta sha hankalinta kwance ko ba ka ce ba?" Na ce na ce. Ya ce, "To ai magana ta ƙare." Na koma shago na zauna, na tasa wata waya mai fasasshen gilashi a gaba, har aka kira magariba ban taɓa ta ba.

Ya ke wadda murmushinta ke kwance mini ƙullin rana, akwai abin da ba ki sani ba, kuma ranar wanka ba a ɓoye cibi. Kin tuna Asabar ɗin da kika shirya in zo in gaisa da Yayanki, na ce miki cunkoson hanya ya tare ni har lokaci ya ƙure? Ƙarya na yi miki. Na zo. Na sa rigata mai ruwan toka wadda kika ce tana mini kyau, na iso layinku tun kafin goma. Na hango shi a ƙofar gida yana wanke mota, hannun riga a naɗe, fuska ba wasa. Na tsaya bayan tankin ruwan da ke kusurwa ina nazarinsa kamar mai gadi a cikin wasa, ina jiran ya juya baya. To idan ya juya, in yi me? Gaisuwa ai ta gaba ake yin ta. Na fara tunanin zai tambaye ni karatuna, zai tambayi girman shagona, zai dubi takalmina. Sai na bi gefen bango na sulale. Ke kuma aka bar ki da shayin da kika dafa, da tambayoyin Yaya, da kallon da Mama ta yi miki. Ranar ma fushin a kanki ya sauka, kika ɗauke, har kina ba ni haƙuri kan wahalar hanya.

Kin ga ashe ba wasan kika auna ni da shi ba. Wasan ne ya tona abin da na daɗe ina yi. Haka nake da mai shagon da nake haya idan ya zo da magana, haka nake da Babana idan ya ɗaga murya, haka nake da duk abin da ya fi ƙarfin dabara. Na ɗauka wayo ne. Na zauna na duba matakan nan hamsin da tara ɗaya bayan ɗaya, ina neman guda wanda na hau da jinina, ban samu ba. A kowanne akwai ƙaton nan mai gemu a tsaye yana shan duka, ni ina baya ina karɓar yabo. Mene ne amfanin rai da aka tsare ta hanyar barin wanda ake so a bakin ƙaho? Ina daɗin kaiwa sittin idan na waiwaya ban ga kowa ba? Na ji kunya, Katangata, kunyar da ban taɓa jin irinta ba, kuma ina kewarki har abinci ba ya mini ɗanɗano.

Na san abin da kike tsoro. Kina tsoron hali zanen dutse ne, wanda ya gudu a shida yau zai gudu a shida ranar da yaro ya kwana da zazzaɓi ko ranar da aiki ya tsaya. Ba zan rantse miki cewa tsoro ya bar ni ba, don ko yanzu yana nan. Abin da zan iya shi ne in faɗa miki abin da na yi.

Sauro yana nan a hamsin da tara, ban sake shiga da shi ba, kuma ba zan kai shi sittin ba sai ranar da kika kawo naki wurin. Na buɗe sabo, mai garkuwa irin naki, ba shi da layar zana ko ta magani. Kada ki yi dariya, amma wannan shi ne na huɗu. Na farko kyarkeci ya cinye shi a mataki na uku, don yatsana ya tafi neman maɓallin da babu. Na biyu ya faɗa rami garin bin gefen bango. Na uku, kaico, agwagin bakin tafki ne suka taru suka gama da shi. Sai yanzu na san nauyin abin da kike ɗauka kina wasa da dariya. Ashe tsayawa a gaba ana dukan mutum yana kallon jininsa na raguwa, yana jira abokinsa ya gama abin da yake yi, ita ce sana'a mafi wuya a wasan nan gaba ɗaya. Na huɗun ya kai mataki na bakwai, yana tsaye a bakin rijiyar garin farko, inda kowane sabon shiga ke fitowa. Idan kin ga dama ki ɗauki ɗan laɓe wannan karon, ki koma bayana, ki ga ko zan riƙe.

Amma na san wannan duk a cikin waya ne, kuma ba a waya kika yi tambayarki ba. Don haka takardar nan ba zan ba kowa ya kawo miki ba, ba kuma zan turo ta ƙarƙashin ƙofa ba. Gobe Asabar, kuma na lura Yaya ba ya fashin wanke mota da safe. Zan sa rigar nan mai ruwan toka, in bi tsakiyar layinku, in wuce tankin ruwan ko kallonsa ba zan yi ba. Zan yi masa sallama ta gaba, in faɗa masa sunana da sana'ata da girman shagona, wanda taku huɗu ne da uku. Zan faɗa masa cewa na taɓa zuwa na gudu. Duk abin da ya tambaya zan amsa, duk kallon da ya yi wa takalmina zan tsaya ya gama. Sai ya sallame ni da kansa sannan zan roƙe shi ya miƙa miki wannan.

Ya hasken safiyata, ya kurciyar da kukanta ya fi mini kiɗa, ban ce ki yafe yau ba. Ki ɗauki lokacinki, ki sauke garkuwa, ki huta, wannan karon ni zan riƙe. Idan kin ga har takardar nan ta shigo hannunki kina karanta ta, to kin san ta inda ta biyo, kin kuma san nawa na ƙirga. Ki leƙo ta taga. Idan Yaya ya yarda, za ki same ni da soso a hannu ina wanke masa taya.

Naki a fili, inda kowa ke gani, yau da gobe da duk ranar da abu zai yi zafi,

Sauronki.